Ƙafar da Na Ɗaga a Shingen Gada

Shekarata ashirin da biyu a lokacin, na gama sakandare ina zaune a gidanmu a unguwar Ajiya a Yola, kuma kowa ya san ba ni da haƙurin dogon bayani. Hamma, babban wana, ya tafi aiki kudu ya bar mini tsohuwar motarsa don in riƙa kai Dada, mahaifiyarmu, asibiti da unguwa. Shekarun nan ne da mutane ke ta kwararowa Yola suna gudun tashin hankali, kowace hanya da shingen sojoji, mace mai dogon hijabi kuma ta zama abin tsoro a tasha da kasuwa. Ni ma dogon hijabi nake sawa.

Sai motar ta tsiro da wani hali. In ina gudu lafiya lau, amma da na taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike, abokin marigayi babanmu. Bai taɓa ko sifana ba ya hau yi mini tambayoyi: tana rawar ne in ina gudu ko sai na taka birki, a hannu nake ji ko a kujera, ina wanke ta da zarar na dawo ko ina bari ta huce. Na amsa biyun farko a gajarce, na ce ni ba jarrabawa na zo ba, wata ƙawata ta riga ta gaya mini balansin taya ne. Ya ce da taya ce da ko ban taka birki ba za ta yi rawa, tunda kuwa sai na taka, kuma a hannu nake ji, faifan birkin gaba ne ya karkace, in bar motar ta kwana a cire a duba. Na ce, "Bappa, a kan 'yar rawa zan kwana ba mota?" Na ja abata na tafi wurin mai faci aka yi balansin. Rawa tana nan.

Maimakon in koma in ba shi haƙuri, sai na gano wata dabara. In sitiyari ya fara karkarwa sai in ɗaga ƙafata kaɗan, ya lafa, in sake takawa. Na yi watanni ina haka, har ƙafar ta koya ba sai na sa ta ba.

Wata Asabar da hantsi Dada ta dafa shinkafa kula biyu za mu kai wa Goggo, ƙanwar babanmu, wadda ta gudo da 'ya'yanta aka ba su ɗaki a Sangere. Dada ta tsaya gaishe-gaishe da maƙwabta, raina ya ɓaci, tana shiga mota na fita da gudu. A bakin gadar da za mu haye akwai shinge da duroma da buhunan yashi, kuma doka ce ka tsaya nesa sai an yafito ka. Na taho da gudu na taka birki da ƙarfi. Sitiyarin ya girgiza irin wanda bai taɓa yi ba, ƙafata kuwa ta yi abin da na koya mata, ta ɗaga. Motar ta wuce wurin tsayawa, ta doke durom ɗaya ya gangara. Na ga masu keke suna tsalle suna barin kekunansu, mai rake ya watsar da baro. Na danne birki da ƙafa biyu na fizgi na hannu. Da muka tsaya, bakin bindigogi ne kawai nake gani.

Dada ba ta yi ihu ba. Ta ce a hankali, "Kada ki motsa hannunki." Daga bayan buhuna aka daka mana tsawa mu fito mu durƙusa, hannu sama, mu yaye hijabi. Dada mai ciwon gwiwa ta durƙusa a kan kwalta mai zafi, ɗankwalinta ya zame. Aka tambayi abin da ke cikin kulolin, na ce shinkafa, ba wanda ya matso. Da rarrafe na je na buɗe su da kaina. Sojan da ya fi kusa da ni sa'ana ne, kuma bakin bindigarsa rawa yake yi, irin rawar da na yi watanni ina rainawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ganin cewa shi ma tsoro yake ji ba.

Babbansu ya tambaye ni me ya hana ni tsayawa, na ce birki. Ya shiga motar ya ɗan ja ta, ya taka, ya fito yana kallona. Ya ce yatsan yaron nasa ya riga ya hau kunamar bindiga. "Furfurar tsohuwar nan muka gani. Ita za ki gode wa."

Washegari na kai wa Bappa motar. Ya cire faifan ya sa na shafa shi da yatsa, na ji tudu da kwari. Ya ce abin da ke jawo haka shi ne sheƙa wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi, abin da kullum nake yi da bokiti ina shigowa gida. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

'Yan uwa masu tuƙi, musamman masu ɗan banzan sauri irina, in sitiyari yana rawa sai an taka birki, a je a duba faifai, kada a koya wa ƙafa dabara. In bakanike ya tsaya tambaya a ba shi amsa. An daɗe da kwashe shingen nan, motar ma an sayar. Amma gwiwoyin Dada ba su koma daidai ba, tun ranar a kan kujera take sallah. Ba ta taɓa cewa ni ce sila ba. Ni nake ɗauko mata kujerar, sau biyar a rana.