Sahabi da sunayen manoman Argungu da suka ɓace a faifai

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Sahabi, ɗan kawuna kuma taubashina, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan ɗauki biro don in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Labarin da ya fi nuna ko wane ne shi, ni ne na fi kowa muni a cikinsa, kuma ni mutum ne mai son girmansa.

A lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Ni malamin gona ne a Argungu, shi kuma yana Birnin Kebbi, a ofishin wani shirin noman fadama, shi ke kula da kwamfutar da aka kawo musu. Tsayinta ya kai na firji, tana da ɗakinta mai sanyi, ba a shiga da takalmi. Nakan tsokane shi in ce ya bar ɗiyan mutane ya auri akwatin ƙarfe, shi kuma ya ce ai matarsa ba ta warin taki kamar ni.

Aikin a baki mai sauƙi ne. Mu malaman gona mu rubuto sunayen manoman da za a ba irin shinkafa, a buga su cikin na'urar, ta riƙe su a ƙwaƙwalwarta. To amma ƙwaƙwalwar ba ta da amana, da wuta ta ɗauke komai ya tafi. Don haka sai an juye sunayen gaba ɗaya zuwa wani babban faifan tef, a aika da shi Sakkwato, can za su buga jerin da za a yi rabo da shi. Wanda sunansa bai fito ba, babu iri. Shinkafar fadama kuwa ba ta jira, in ba a shuka ba kafin ruwan gulbi ya hau, shekarar ta wuce mutum.

Jerin ya dawo, sai ga ƙauyuka uku na ƙasar Argungu babu su. Na Birnin Kebbi da na Zauro cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Aka sake juyewa aka aika, aka sake dawowa da giɓi a wuri guda. Na'urar kuwa kowane karo cewa take ta kammala lafiya.

Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da ya biyo baya. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi akwai tsohon miki, ba a rasa mai sosa shi. Nan da nan magana ta bazu cewa ɗan Birni ne ke zaune a kan na'ura yana cire Kabawa, wato mutanen Argungu. Manoma suka cika ƙofar gidana, wani dattijo ya nuna ni da sanda ya ce ko da ni aka haɗa baki. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ni ke kwana cikinsu. Na zauna na rubuta takardar ƙara zuwa ga manajan shirin, na ce ana zargin mai kula da na'ura da son kai. Ban sa sunana ba. Ban kuma tsaya nan ba, na faɗa wa manoma da bakina cewa matsalar daga hannun mutum take.

Manaja ya ba Sahabi kwana uku. Motar Sakkwato za ta ɗauki faifai na ƙarshe ranar Alhamis, in aka sake samun giɓi, ya miƙa makullin ɗakin ya jira kwamitin bincike. Ni aka turo daga Argungu in zama shaida, na zauna a kujerar da ke bayansa ina kallon ƙeyarsa, ina jin kamar in nutse.

Ban taɓa ganin mutum yana binciken abu kamar yadda na ga Sahabi a kwanakin nan ba. Ya canja faifai. Ya goge bakin da ke rubutu a kan tef ɗin da auduga. Ya zare wayar da ke tsakanin na'urar da injin faifan ya sa wata. Abu ɗaya yake canjawa a kowane gwaji, ya rubuta a wani ɗan littafi, ni kuwa ina ta tsaki a zuci, ina ganin ɓata lokaci ne. Abin haushin, in ya gwada da safe da sunaye kaɗan, komai ya tafi daidai. Ranar farko ta wuce a haka, bai ci komai ba sai goro.

Rana ta biyu ya yi abin da ya fara warware ƙullin. Da ma ana buga sunaye ne yadda takardu suka iso, na kusa su riga, namu na Argungu su zo daga baya. Sai ya juya jerin, ya sa Argungu a gaba. Da aka kira azahar ya kunna juyin kamar kullum, tun da aiki ne mai cin kusan awa guda, muka tafi masallaci. Muka dawo ya karanta faifan, sai ga Argungu cif, Zauro ce ta ɓace. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka gani, Garba? Ba ta san Bakabe ba, ba ta san ɗan Birni ba. Lokaci na take ci, ba suna ba."

Amma mene ne ke faruwa a lokacin? Babu wanda ya sani, don babu wanda ya taɓa zama a ɗakin. Kowa yana masallaci. Ranar Laraba Sahabi ya kunna juyin ya ƙi tashi, ya ce zai yi sallarsa bayan an gama, ni ma ya ce in zauna tun da shaida aka turo ni. Muka zauna, faifai yana juyawa. Can sai ƙwan lantarkin da ke sama ya dushe kaɗan ya dawo, muka ji gurnanin inji a bayan gini. Sahabi ya fita a guje ba takalmi.

Injin ruwa ne. Baba Manu mai gadi, bawan Allah, kullum in jama'a sun gama alwala sun ƙarar da ruwan tanki, sai ya tayar da injin don masu la'asar su samu, sannan ya bi sahu. Injin da na'urar layin wuta ɗaya suke sha. In ya tashi sai ya ja wutar, injin faifan ya yi tuntuɓe ya tsallake wani yanki, ita kuwa na'urar abin da ta tura take ƙirgawa, ba abin da ya isa ba. Sahabi ya roƙi tsohon ya dakata da injin, ya sake juyi, sannan ya sa na'urar ta karanto faifan daga farko, ni ina riƙe da takarduna muna bi suna bayan suna har aka kira magariba. Ranar Alhamis mota ta tafi da cikakken faifai, iri kuma ya iso kafin ruwa.

Yau in na je wani ofishi aka ce mini saba, wato babbar kwamfutarsu, ta faɗi, ko an tura bayanaina amma ba su shiga ba, Sahabi nake tunawa. Na san da zai yi mamakin waya da ta fi na'urarsa ƙwaƙwalwa. Na kuma san da ransa zai ɓaci ganin yadda muke gaskata allo don kawai ya ce an kammala, da yadda har yanzu in abu ya lalace ba mu tambayar mene ne, sai wane ne, kuma ɗan ina ne.

Bayan an gama rabo na same shi a gidansa a unguwar Nasarawa. Ina ta kewaye-kewaye, sai ya ce, "Tun ranar da anka nuna min takardar na gane rubutunka." Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce, "In na tsaya hwaɗa da kai, wa za ya nemo mutanenka?" Na yi dariyar yaƙe, na tashi ban ce ya yafe mini ba. Ina ganin taubashi ne, akwai lokaci. Muka ci gaba da tsokanar juna shekara da shekaru, har ranar da aka aiko cewa ya cika.

Na'urar ta daɗe da zama kayan gwangwan, shirin ma an rufe shi. Abin da na ɗauka ya rage shi ne kyakkyawan sunansa. Sai bara, a kasuwar Argungu, wani tsohon manomi ya tambaye ni ko ɗan'uwan nan nawa da ya cire musu suna yana raye. Ashe labarin injin ruwa a ofis ya tsaya, maganata ce ta isa ƙauye. Sahabi bai cire sunan kowa ba. Ni, Garba, ni na ɓata nasa, kuma duk wanda ya ji waccan magana daga bakina, ina roƙonsa ya kai wannan inda ya kai ta.