Numfashin Dattijo

Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana gyaran risho da famfon feshi da famfon ba taya iska, a wata 'yar rumfa tsakanin garejin bakanike da shagon mai faci. Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni. Hura-Mu-Gani kowa ke ce masa, domin ba a taɓa miƙa masa abu mai rami ya tsaya duba shi da ido ba. Baki yake kaiwa. Ya hura, ya zuƙa, ya lumshe ido, sannan ya faɗi cutar. Leɓensa bai taɓa rabuwa da warin kananzir ba, har uwargida ta gaji ta ware masa kofinsa daban.

Dattijo kuwa babur ɗinsa ne, ya girmi duk 'ya'yan gidan. Hura ba ya zaginsa in ya ƙi tashi da safe. Ko kik zai buga masa sai ya fara cewa, "A yi haƙuri." A falo Dattijo yake kwana, kan kwali, kusa da kujerar baƙi, kuma baƙon da ya kuskura ya ɗora masa kofi a kan tanki ba ya sake samun gayyata.

Aibin Dattijo ɗaya ne: tofi. Ba kwarara yake yi ba, 'yan ɗige-ɗigen baƙin mai ne, kuma bai taɓa kuskuren saiti ba, kullum a ƙafar dama ta wanda aka goya. 'Ya'ya biyar Hura ya yi ta kaiwa makaranta a kansa, kowanne da tambarin a gefen wando ko bakin siket. Malamai ba sa tambayar ɗan wane ne, ƙasa kawai suke dubawa. Sabulun da uwargida ta ƙarar a kan wannan tambari ya isa a buɗe shago.

Huɗun sun girma sun watse, sai Auta. Ita ta gama makarantar jinya, ta sami aiki a asibiti, ranar Litinin za ta fara. Fararen kayanta na rataye a bayan ƙofa cikin leda, an goge su har suna ɗaukar ido.

"Ƙarfe nawa zan kai ki?" in ji Hura, yana goge madubin Dattijo.

Auta ta dubi uwarta, uwar ta dubi silin.

"Baba, motar haya zan shiga."

"Motar haya? Dattijon da ya kai ki aji ɗaya kina kuka kina riƙe da rigata?"

"Fararen kaya ne, Baba. Ɗigo ɗaya, ranar farko, ina zan sa kaina?"

"Gaskiya ɗaci gare ta, Malam," in ji uwargida.

Maganar ta soke shi ƙwarai. Ba motar haya ce ta dame shi ba. Bayan Auta babu sauran wanda zai goya, kuma ya san in ta shiga mota ranar Litinin, ta sauka daga bayansa ke nan har abada. Auta ta ga yadda hannunsa ya tsaya a kan madubin, sai ta sassauto.

"To, in ya daina tofi kafin Litinin, zan hau."

Washegari tun kafin ya buɗe rumfarsa ya tura Dattijo garejin bakanike. Ƙafafuwan mutumin kawai ake gani, sauransa na ƙarƙashin wata mota, daga can ya yi bayani.

"Tsufa ne. Fistin na hawa yana sauka, iska na taruwa a ƙasan inji inda baƙin mai yake kwance. Ga ɗan tiyon numfashi can, amma yadda yake fitar da iska haka yake mai da ita. In ta matsu sai ta turo mai ta bakin gaskit, a mahaɗar inji. A sa masa bawul mai hanya ɗaya a tiyon, iska ta fita kada ta dawo. Akwai wani a gwangwanin can, na cire daga birkin wata mota. Bari in fito in ɗaura maka."

"Ka ɗaura mini?" Hura ya ja tsaki. "Bawul? Ni da na yi shekara talatin ina cire irinsa daga famfon risho? Yi kwanciyarka."

Ya ɗauki ɗan abin, bai fi babban yatsa ba, ya kai baki. Ya hura, iska ta wuce. Ya zuƙa, ta toshe. Lafiya lau. Ya sani sarai cewa ɓangaren da ke bakinsa shi zai fuskanci inji, ko a barci aka tashe shi zai faɗa. Ya yanka tiyon, ya durƙusa. Amma da ya miƙa hannu sai ya ga bakin bawul ɗin na sheƙi da yawunsa. Hannun bai yi shawara da kai ba, ya juya abin, kamar yadda ake juya kofi in za a miƙa wa babba, don kada ya sa baki inda ka sa. Ya ɗaure da waya, ya miƙe yana jin kansa injiniya.

Ranar Lahadi da hantsi aka yi gwaji. Fasinja ake bukata mai fararen kaya, kuma Auta ta ce ita ba ta gwaji ba ce. Hura ya cika buhu da tsumma, ya ɗaure a bayan Dattijo, ya lallaɓa ɗaki ya zaro farin zanen gadon da uwargida ke ɓoye wa baƙi, ya lulluɓe buhun har ƙasa.

Da farko sai godiya. Ya zagaya layi ɗaya, ya waiga, zane fari tas. A layi na biyu Dattijo ya soma nishi. A na uku ya koma fito, wani siririn sauti kamar na buta a kan wuta. Hura ya ɗauka murna yake yi. Ashe iska ce ke ta shiga babu hanyar fita. Yana shan kwanar ƙofar gida, daidai uwargida ta fito zubar da shara, murfin mai ya yi fau, ya tashi sama. Abin da Dattijo ya saba tofarwa a shekara guda ya amayar a daƙiƙa biyu.

Uwargida ta ajiye kwandon shara a hankali.

"Malam, wannan zanen nawa ne?"

"Da naki ne," in ji Hura, mai na ɗiga daga gemunsa.

"Garin neman gira an rasa ido. Sai ka shiga da shi falon ku kwana tare."

Maƙwabta sun fito, kowa na kawo shawara. Hura bai ji ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin kwata ya haɗa kai da gwiwa, don a ganinsa Litinin ta riga ta wuce.

Auta ce ta tsuguna gefen injin. "Baba, mene ne wannan da aka ɗaure da waya?"

Ya gaya mata ba tare da ya ɗago ba. Ta kwance wayar, ta goge bawul ɗin da gefen zanen da ya riga ya mutu, ta kai baki. Ta hura, ta zuƙa, har da lumshe ido.

"Irinsa ne a zuciyar mutum, mun karanta. Jini ya wuce kada ya dawo. Baba, ai a juye ka sa shi."

Hura ya dubi hannunsa na dama kamar ya kama ɓarawo. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Yawuna ne a wancan gefen. Sai na ga bai dace ba."

Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Uwargida ta so ta riƙe fushinta, ta kasa, ta rufe baki da mayafi. Da Auta ta lafa, ta cusa ɓangaren da ta jiƙa cikin tiyon da ke fitowa daga inji.

"Nawa ne wannan. Dattijo ya sha hawayena da majinata tun ina aji ɗaya, ba zai ji haushi ba."

Suka nemo murfin a cikin kwata, suka wanke injin tare, aka zuba sabon mai. Zanen yana da sauran kusurwa ɗaya mai fari, da ita aka sake gwaji. Zagaye goma, ko ɗigo.

Ranar Litinin Hura ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk tafiyar yana jin hannunta riƙe da rigarsa, a daidai inda ta saba riƙewa. A ƙofar asibiti ta sauka, su biyun suka sunkuya suna duba bakin rigar, dama da hagu. Babu komai.

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji shi. Ya soma juya kan Dattijo, yana sauri kada ta ga idonsa.

"Baba!"

Ya waiga.

"Ƙarfe biyu nake tashi. Kada ku makara, kai da shi."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya share ido, ya manta cewa da hannun ya shafa injin sau uku a hanya don ya tabbatar tofi ya tsaya. Haka ya ratsa gari yana gaida jama'a, da baƙin tambari tun daga ido har kunne. Uwargida ta gan shi a bakin ƙofa. Ta miƙo masa sabulu.