Wankan Jegon Matar Chinedu

Ina fitowa daga gida na tarar da Chinedu, maƙwabcina ɗan ƙabilar Ibo mai gyaran babur a nan Babura, yana ɗaure kaya, alhali shekaranjiya matarsa ta haihu. Kasancewata babba a layinmu, na nemi bayani.

Ya ce, "Malam Sabo, a al'adarmu uwar mace ce take zuwa ta yi mata wankan jego. Surukata ta rasu. Dole in rufe shago in kai ta garinmu."

Kafin in yi magana, mahaifiyata ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai ɗan nan, da ɗanyen jego za ka ɗora ta a mota? Mu nan duwatsu ne? Sauke kayan nan!"

Washegari Inna ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya. Maƙwabciyarmu Hajiya Rabi, mutuniyar Nijar, ta dama kunun kanwa. Mai jego ta yi ihun zafin ruwa, amma yau Mama take ce wa Inna, shagon Chinedu kuma a buɗe yake.

Da hannuna na rubuta wannan, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci. Jama'a, a unguwarku wa yake zame wa baƙuwa uwa?