Tsinin Allura a Garin Suna

Jiya ina nuna wa 'yan aji biyu yadda mayen ƙarfe ke jan ƙusa, sai wata yarinya ta ce nata ya mutu. Na duba, ashe nesa ta riƙe shi. Nan take kakana ya faɗo mini a rai.

Ranar sunan ƙanwata a Kekun Waje, allura ta karye wa Inna a bakin buhun garin dawa, tsinin ya faɗa ciki. Ruwan tuwo na tafasa, baƙi sun cika zaure, rariya kuwa ba ta tare allura.

Tsohon ya hana a tuƙa. Ya sa muka baza garin a tabarma, ya ɗora mini mayen ƙarfen tsohuwar rediyonsa a tafin hannu, baƙi, mai sanyi.

"Baba, bai kama komai ba," na ce.

"Kin yi nisa, jikalle. Komai ƙarfinsa, sai an matso yake ja."

Na sauke hannu har gari ya taɓa yatsuna. A zagaye na huɗu muka ji ƙas, tsinin ya manne.

Allah, kai da nisa ba ya rage maka ƙarfi, ka jawo kakana cikin rahamarka.