Ranar da Kwalba Ta Kai Ni Gaban Alƙali

Ko zan manta komai na zamana a Masar, ba zan manta shari'ar da kalma ɗaya tak ta jawo mini ba. Lokacin muna haya a unguwar Ainu Shams, hawa na huɗu, ni da maigidana, dukanmu ɗalibai.

Wata safiya na cika masa kwalba da zoɓo, ya fita a gurguje ya bar ta. Na leƙa ta baranda na hango ya kusa shan kwana, sai na ɗaga murya: "Kwalba! Kwalba!" Ashe daidai lokacin maƙwabciyarmu ta ƙasa ke fitowa, wata dattijuwa 'yar Masar wadda dama muna 'yar tsama kan ruwan shanyata da ke ɗiga mata. Ita "kalba" ta ji, wato macen kare da Larabci, ga kuma mai gadi da mai kayan miya a tsaye.

Maigidana ya ce in sauka in yi mata bayani. Na ce ban zagi kowa ba, ƙafata ba za ta taka ƙofarta ba. Ƙuruciya ke nan.

Ita kuwa ta wuce ofishin 'yan sanda ta shigar da ƙara. Daga can takarda ta tafi niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, aka kira ni na yi bayani, magatakarda na rubutu yana danne dariya. Na ɗauka magana ta mutu, sai ga sammaci har gida: zagi a bainar jama'a. Da wata 'yar'uwa ta ce irin wannan hukunci kan iya taɓa takardar zaman mutum a ƙasar, abinci ya daina shiga mini. Saura shekara ɗaya in gama karatu.

Na kwana biyu ina haddace jawabin da zan yi wa mutum goma sha biyun nan da nake gani a fina-finan Turawa suna yanke hukunci, har da wurin da zan share hawaye. Da na karanta wa lauyan da muka ɗauka, sai da ya cire tabarau don dariya. Ya ce a nan babu su, alƙali ɗaya ne da tulin takardu, in na samu minti biyu in gode wa Allah.

Zaman farko aka ɗaga, wai a kawo mai jin Hausa. Muka samo wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da turare. Ranar zama na biyu aka kira sunana. Alƙali bai yi wata-wata ba, ya ɗaga robar ruwan da ke gabansa ya tambayi dattijon sunanta da harshenmu.

"Gora," in ji shi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maƙwabciyata ta gyara mayafi tana jinjina kai. Na manta a kotu nake, na ce, "Baba, ta gilashi fa!" Alƙali ya buga tebur ya ce in yi shiru. Lauyanmu ya roƙi a gwada da ta gilashi, aka aika wajen mai shayin kotu aka aro wata ta lemo. Dattijo ya juya ta a hannu, ya ce a natse, "Wannan kam kwalba ce."

Kotu ta kece da dariya. Alƙali ya sa ya maimaita har sau uku, ya rufe fayil ya ce an wanke ni.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da maƙwabciyata. Kunya ta kama mu duka. Na ce, "Ma'alish, Hajja," wato ki yi haƙuri. Ta harare ni, ta ce da tun ranar na faɗi haka, da ba ta sha hawa matattakalar kotu da ciwon gwiwa ba. Mota ɗaya muka shiga zuwa gida, har tana matsa mini wuri.

Tun daga nan na gane cewa gaskiya ba ta hana mutum ba da haƙuri. In an fahimce ka a baibai, ka yi bayani tun magana tana tsakanin mutum biyu, kafin ta zama ta hukuma.