Tsiron Inna da Injin Maƙwabci

Inna ta zo Manchester ne don ta tsaya mini a haihuwar fari. Ina karatun digiri na uku a lokacin, ni da maigidana muna zaune a Gorton, cikin jerin gidajen nan da ke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka amsa masa. Ba ta daɗe da zuwa ba ta fara ramewa. Shinkafa ta ce salam take, kaza ta ce auduga ce. Wata safiya na tarar da ita tana ninke zannuwanta cikin akwati.

"Ki ce wa mijinki ya sauya mini tikiti," in ji ta. "Ga asibiti ga likitoci, me zan tsinana miki? Ni ko kunun zaƙi na kirki ban sha ba tun da na sauka."

Ba naƙuda nake tsoro ba, tsorona shi ne in haihu babu uwata a kusa. Na kira yayata da ke aure a Birmingham ina shirin kuka.

"Ke dai akwai son wahala," ta ce. "Akwai ready-made a African shop, garin kunu har da tsiro a ciki. Weekend zan kawo."

Ta kuwa zo da ƙunshinta, ta dama, ta miƙa wa Inna da alfahari. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin can nesa da ita.

"Wannan tun kafin a haifi mai shagon aka niƙa shi. Tsiro in ya daɗe a niƙe ai ya mutu, sai dai a rufe asirinsa da sukari."

"Inna, nan fa UK ce, wa ke da time ɗin niƙa?" in ji Yaya.

Ni ban san komai game da tsiro ba, amma na san akwai akwati a ɗaki, don haka na bi bayan Inna. Washegari na hau bas zuwa Cheetham Hill na sayo gero da citta da kanumfari. Inna ta jiƙa geron, ta tsame, ta baza a jiƙaƙƙen tawul ta rufe. Sanyi ya hana shi motsi. Sai da muka kwashe kayan sawa daga ɗan ɗakin tukunyar ɗumama gida muka ba shi wurin, sannan ya yarda. Ranar da ta ɗaga tawul ɗin ta ga kowace ƙwaya ta fito da farar jela, ranar na fara ganin haƙoranta a ƙasar nan. Muka shanya shi a kan hita, gidan ya ɗauki ƙamshi.

Sai maganar niƙa. A gida yarinya ake aika wa wurin mai inji, a nan kuwa bilenda kawai gare ni. Na zuba mata busasshen tsiro, ta yi kuka, ta yi hayaƙi, ta ce ga garinku nan. Ina fitar da ita filin da ke bayan gidanmu ta sha iska, sai maƙwabcinmu ya leƙo ta saman shinge. Tsohon Bature ne, direban bas da ya yi ritaya, yana da ɗan ɗakin katako inda yake haɗa giyarsa da kansa. Da na gaya masa abin da ya kashe bilendar, idanunsa suka yi haske kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce shi ma tsiron sha'ir yake amfani da shi, kuma bai taɓa yarda ya sayi niƙaƙƙe ba. Kafin in yi magana ya zagayo da injin hannu mai fayafan ƙarfe biyu.

Maigidana ya ja ni gefe. "Na giya ne fa."

Inna ta ji. Ta karɓi injin, ta juya shi, ta shinshina. "Hatsi kawai ya ci. Abin da mutumin ya yi da garinsa daga baya, tsakaninsa da tukunyarsa." Duk da haka sai da ta wanke shi tas.

Rigimar gaske a wurin kusar da ke matse fayafan ta tashi. Shi tsohon ya saba ɓarzawa kawai, don aikinsa na son dusa ta fita a fashe, ba a niƙe ba. Inna kuwa laushi take so. Ta matse, ya sassauta, ta sake matsewa.

"Ce wa Malam wannan tsakin kaji ne."

Shi kuma ya ce in gaya wa mamata za ta lalata hatsi mai kyau. Na yi ta tafinta da ƙaton cikina har na gaji na zauna, na bar su suna yi da hannu da ido. Daga ƙarshe shi ya riƙe injin, ita tana juyawa tana 'yar waƙa, maigidana yana tare gari a roba.

Ta dama ƙullun gero da tafasasshen ruwa, ta bari ya huce, ta zuba tsiron ta rufe. Da safe ta tace. Ko ƙwayar sukari ba a sa ba, amma zaƙinsa har cikin kunne. Ta sha kofi, ta ƙara, ta nemi biredi. Maƙwabci ya ɗanɗana ya ce in an bar shi mako guda zai zama wani abu.

"A'uzubillahi! Ce masa ba zai kai gobe ba."

Yaya da ta zo a ranar ta ce ita fa har yanzu na shago ya ishe ta, amma da gora cike ta koma Birmingham.

Akwatin dai yana nan a tsaye, na kasa tambaya. Da yamma na shiga kicin na tarar ta juye duk sauran geron a babbar roba ta jiƙa.

"Inna, wa zai shanye wannan?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Na suna ne. Ko so kike baƙina su sha na shago?"

Na jingina da firji ina dariya, hawaye na zuba, ita kuma tana ce mini in matsa mata daga hanya.