Legas Uku Muka Nema Kafin Kabarin Baffa

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da ƙanina da abokinmu mai mota. Jiya da yamma matar Baffa, ƙanin mahaifinmu, ta kira ni ta ce jikinsa ya yi tsanani, kuma sunana yake ta kira. Shekara goma sha biyu rabona da shi, tun da rigimar gona ta raba shi da mahaifinmu ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Na tambaye ta inda suke. Ta ce, "Muna nan Legas, ta wajen su Makarfi." Daga nan wayarta ta mutu.

Ni da nake taƙama da ilimin zamani, sai na rubuta Legas a taswirar waya. Ta nuna mini teku. Na ƙara Makarfi, ta ce ba ta san zancen ba.

A Kudan muka fara tambaya. Rake ko'ina, motoci sun yi lodi har suna rangaji, ƙamshin mazarƙwaila ya cika hanya, ita ma ta yi tsada kamar komai. Wani mai shayi ya nuna mana Legas ɗinsu, wato layin gidajen bulo da masu kai rake kudu suka gina. Muka bi gida-gida, babu wanda ya san Baffa.

A Makarfi kuma Legas wani lungu ne a kasuwa inda cunkoso ba ya barin mutum ya juya. Muka kutsa, aka tattaka mu, muka fito da gumi. Rana ta take. Ƙanina ya sayo mana ƙosai, muka koma mota.

Sai a Ikara na ajiye wayar, na durƙusa gaban wani dattijo a inuwar masallaci, na gaishe shi yadda ya kamata. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ai Legas ɗin manoma kake nema. Wani ƙauye ne bayan Paki, da damina ruwa ke kewaye shi, shi ya sa ake tsokanarsu da sunan. A takarda Unguwar Tsamiya ce."

Na rubuta wannan sunan. Nan take taswira ta zana mini hanya tiryan-tiryan, har da mintuna. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mota ta tsaya a bakin taɓo, muka ƙarasa a kan acaɓa. Daga nesa muka hango mutane suna dawowa daga maƙabarta, wasu da fatanya a kafaɗa. Ashe bayan azahar Baffa ya cika.

Na zauna gaban matarsa, na yi ta'aziyya. Da zafin zuciya na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa mini ainihin sunan garin?"

Ta dube ni ba tare da faɗa ba. "Ban san ba ka sani ba, ɗan nan. Duk wanda ya taɓa zuwa gaishe mu ya san Legas."

Mun shiga Kaduna bayan isha'i. Abokinmu ya ce laifin taswira ne, ƙanina ya ce laifin masu laƙaba wa gari suna ne. Ni dai na san wayata ta san duk sunan da ke takarda. Sunan da dangi ke kiran gidansu kuwa a bakinsu ake jinsa, ni kuma shekara goma sha biyu ban je na ji ba.